Wankin kafireta da daidaita ta: yadda nake yi a warshata a Jidda

Bayan aikin Hajjin da ya wuce wani Alhaji ya turo mini Suzuki Bandit 600 har ƙofar warsha, a nan Sina'iyya. Ya je gida Kano ya yi wata huɗu, ya bar dabbab ɗin, kamar yadda ake ce wa babur a nan, lulluɓe da tampol, da mai a cikinsa. Da ya dawo, ba ya tashi sai da cok, kana sakin cok ya mutu. Ya ce mini, "Malam, na ɗan taɓa sukurorin ne kawai." Wannan ɗan taɓawar ita ta mayar da aikin awa biyu na wuni guda. Shi ya sa nake roƙon duk mai babur: kada ka murɗa komai sai ka yi wanki.

Dalili kuwa shi ne zafin garin nan. Fetur ɗin da ya kwana biyu a kofin kafireta yana tsotsewa, ya bar wani danƙo mai wari kamar tsohon fenti. Wurin da yake fara toshewa shi ne jet ɗin silo, wato ɗan bututun da ke auna man da inji ke sha idan yana aiki ba a ba shi wuta ba, don raminsa bai kai kan allura ba. Shi ke ciyar da inji daga silo zuwa kusan kwata na totur; daga nan allurar cikin kafireta ta karɓa, sai babban jet idan ka buɗe totur sosai. In babur yana gudu lafiya a titi amma yana mutuwa a danja, ka san inda za ka duba.

Ka rufe mai, ka sauke tanki, ka zare kafiretocin huɗu a haɗe, kada ka raba su da juna. Ka samu kwano huɗu, kowace da nata, don kayan ciki kada su cakuɗe. Sukurorin baburan Japan irin JIS ne, wato ma'aunin Japan, suna kama da na sukudireba mai kan gicciye amma ba ɗaya ba ne, kuma da ita ake lalata kansu. Kafin ka cire sukurun silo, wanda ke saita haɗin mai da iska a silo, ka murɗa shi ciki a hankali har ya zauna, kana ƙirga zagaye, ka rubuta, don ka san inda za ka mayar da shi. Ya zauna kawai, ban ce ka matse ba, bakinsa siriri ne, yana karyewa a ciki. A bayansa akwai ɗan sifirin, ɗan zoben ƙarfe da zoben roba. Yaron da ke koyo a wurina ya taɓa hura iska ya tura su cikin kwata, muka yini muna nema.

Robar da ke saman kafireta, wadda ke ɗaga fistin ɗin ciki, ka cire ta gefe kafin ka fesa maganin wanki, don yana kumbura ta. Ka ɗaga ta saitin haske. Ko huda ɗaya ka gani, ta gama aiki. Jet kuma ka jiƙa, ka hura da iska, ka leƙa har sai ka ga haske zagaye tsaf. Ni ba na yarda a tsokale shi da wayar ƙarfe. Tagulla ce mai laushi, kana faɗaɗa ramin ka canja ma'aunin mai har abada. In ya ƙi, sili ɗaya mai laushi daga cikin wayar lantarki ya isa. Ka fesa cikin kowace hanya ka ga ya fito ta ɗaya ɓangaren, sannan ka auna tsayin fulot, wato abin da ke yawo a kan mai cikin kofi, da abin da littafin babur ɗinka ya ce.

Kafin a zo daidaitawa, a duba gibin bawul, fulogi da matatar iska, wadda ƙurar nan ke cika wa da wuri. Sannan robobin da ke haɗa kafireta da inji: zafi yana tsattsaga su. Ka tayar, ka fesa musu magani kaɗan; in ƙarar inji ta canja, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya, kuma duk saitin da ka yi a haka aikin baban giwa ne.

To, daidaitawa. Manufar ita ce silinda huɗu su riƙa zuƙar iska daidai wa daida, kada wata ta ja wata. Ka ɗumama inji, ka kafa masa fanka babba, domin Bandit ba ta da lagireto na ruwa, iska da mai ke sanyaya ta, kuma a tsaye da rana a Jidda ba ta jimawa take ɗaukar zafi. Ni bayan la'asar nake yi. Ka rataye ƙaramin tankin mai a sama a madadin wanda ka sauke, ka jona geji huɗu masu auna zuƙar iska a bakunan zuƙa, ka sa silo a wajen zagaye 1,200 a minti. Sukurori uku ne tsakanin kafiretocin: na hagu ya haɗa ta ɗaya da ta biyu, na dama ta uku da ta huɗu, na tsakiya ya haɗa ɓangarorin biyu, kuma shi ne na ƙarshe. Murɗi kaɗan-kaɗan, kada ka danna sukudireba, don dannawar kanta tana motsa geji. Bayan kowane murɗi ka ɗan ba da wuta, ka jira ya sauka, ka sake dubawa. Za ka ji da kunnenka lokacin da suka haɗu: kakkarwar nan ta lafa, silo yakan ɗan hau da kansa, sai ka mayar da shi.

Wanda ba shi da geji, in babur ɗinsa mai silinda biyu ne, doguwar tiyo mai gani-har-hanji ta isa. Ka lanƙwasa ta a jikin katako kamar harafin U, ka zuba man inji kaɗan, ka jona bakunan biyu. Inda man ya hau, can zuƙa ta fi ƙarfi.

Da Alhaji ya zo ɗauka, ya daɗe a tsaye yana sauraron silo kafin ya hau. Na nuna masa ɗan sukurun da ke ƙasan kowane kofi, na ce in tafiya ta sake kamawa, ya rufe mai, ya kwance su ya tsiyaye kafin ya lulluɓe.