Yadda Ake Karanta Tsagar Dutse a Gaɓar Tekun Somerset

Gaɓar tekun Somerset, a kudu maso yammacin Ingila, na daga cikin wuraren da ɗaliban ilimin duwatsu suka fi zuwa domin su ga da idonsu inda ƙasa ta tsage, ɓangare ɗaya ya zame ya bar ɗaya. A Kilve, wani ƙauye da ke wannan gaɓa, ruwan teku ya yanke tudu ya bar dogon bango, inda dutsen farar ƙasa mai tauri da dutsen laka mai duhu suke jere hawa-hawa kamar layukan tubali a jikin gini. Duwatsun sun kwanta a ƙarƙashin teku ne a farkon zamanin Jurasik, kimanin shekaru miliyan 200 da suka wuce.

Kafin komai, a duba jadawalin cikowa da janyewar ruwa. A Mashigin Bristol, wato ɓangaren tekun da wannan gaɓa ke fuskanta, bambancin tsayin ruwa tsakanin cikarsa da janyewarsa yakan haura mita 10, kuma ruwan yana dawowa da saurin da zai iya tare wa mutum hanya, don haka a sauka lokacin da ya fara janyewa. A sa hular kwano, kada kuma a tsaya a gindin bangon, domin dutsen laka yana ruftawa ba tare da alama ba. Doka ta kare wurin, saboda haka a bar guduma a gida.

Aikin farko daga nesa ake yin sa. A ja da baya, a zaɓi layi ɗaya na dutsen farar ƙasa wanda kaurinsa ya bambanta shi da maƙwabtansa, a bi shi da ido har inda ya yanke, sannan a nemi cigabansa a ɗaya gefen. Idan layin ya wuce daidai, fashewa ce kawai, irin wadda ta cika wurin. Idan kuwa ya sauka ko ya hau, to an sami abin da ake nema. A nan masu gaggawa suka fi yin kuskure, domin layukan suna kama da juna ƙwarai, shi ya sa ya fi kyau a gane jerin layuka uku ko huɗu tare maimakon dogara da ɗaya.

Daga nan a lura da karkatar tsagar, a tantance ɓangaren da ke kwance a kanta da wanda ke ƙarƙashinta. Idan na sama ne ya sauka, ƙasa ta miƙe ne, an ja ta ta ɓangarori biyu, kuma haka yawancin tsagogin Kilve suke, sun miƙa daga gabas zuwa yamma. Idan ya hau, matsi ne ya tura shi, kuma wasu daga cikinsu sun sake motsi a haka bayan miliyoyin shekaru. A auna tazarar da layin ya zame da tef, a ɗauki alkibla da karkata da kamfas, a zana a littafi kafin a ɗauki hoto.

Sai a matso inda tsagar ta fito a shimfiɗar dutsen da ruwa ya janye ya bari. Za a ga fararen jijiyoyin kalsait, wato ma'adinin da ke cikin dutsen farar ƙasa, sun cike gurbin da ya buɗe, wani lokaci da siraran layukan gogayya waɗanda ke nuna inda dutsen ya dosa. A lura kuma cewa tsagar takan miƙe tsaye a cikin dutse mai tauri, ta ɗan kwanta idan ta shiga dutsen laka.

Wanda ke son misalin da ba ya buƙatar awo sai ya nufi yamma zuwa Blue Anchor, kusa da Watchet, inda jan dutsen zamanin Tirayasik, wanda ya gabaci Jurasik, ya haɗu kafaɗa da kafaɗa da duwatsu masu launin toka waɗanda ya girme su, alamar cewa ɓangaren mai launin toka ne ya zame ƙasa.