In an sa maka ƙarfen gyaran haƙori, ga yadda zaka bi da shi

Abu na farko da nake so ka gane shine ƙarfen nan ba jan haƙori yake da ƙarfin tsiya ba. Wayar da ke jikin ƙarfen tana danna haƙorin a hankali ne, sai ƙashin da ke gefen da ake dannawa ya dinga narkewa kaɗan-kaɗan, ɗaya gefen kuma sabon ƙashi ya fito ya cike gurbin. Jikinka ne ke yin aikin, likita seti kawai yake yi. Shi yasa yawanci ake ɗaukar wata 18 zuwa 24, wani ma ya wuce haka, kuma shi yasa nake roƙonka kar ka matsa wa likita wai ya ƙara ɗaure wayar don a gama da wuri, in ƙarfin ya yi yawa saiwar haƙorin ce ke shan wahala, tana iya gajarcewa.

Kwanakin farko zaka ji ciwo, wannan ba makawa, musamman washegarin ranar da aka sa, amma cikin kwana uku zuwa biyar yana lafawa. Ka ci abu mai laushi, in ya dame ka ka sha farasitamol yadda likita ya ce. In ƙarfen na gogar kumatunka ta ciki akwai ɗan kakin da suke bayarwa, ka busar da wajen tukuna sannan ka manna, in da yawu ba zai zauna ba.

Toh sai maganar wanke baki, nan ne gaskiya mutane ke yin sakaci kuma abin yana damuna sosai, don mutum zai yi shekara biyu yana haƙuri, ranar da aka cire ƙarfen sai a ga farin tabo zagaye da inda aka manna shi, kuma tabon nan ba ya fita da sauƙi. Datti ne ya zauna ya cinye saman haƙorin. Ka goge aƙalla sau biyu a rana da man goge baki mai fuloraid, minti biyu cur, ka karkata buroshin ka bi saman ƙarfen da ƙasansa da bakin dasashi, sannan ka sa ɗan siririn buroshin nan mai shiga ƙarƙashin waya. Cingam da tauna ƙanƙara da cizon biro, a haƙura. Lemon kwalba ma a rage. Sigari kuwa dasashi take kashewa, mai ciwon suga shima ya faɗa wa likita tun farko don dasashinsa ya fi saurin kumbura.

In kuma maimakon ƙarfe robar gyaran haƙori mai haske aka baka wadda ake cirewa, awa 20 zuwa 22 ake so ta yi a bakinka kullum, ba a aljihu ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wato zuciya. Yaro ko budurwa da aka sa wa ƙarfe sau da yawa sai su daina dariya a cikin mutane saboda tsokana. Iyaye dan Allah ku dinga tambaya, ba haƙoran kawai zaku duba ba. In yaro na kwana baki buɗe ko yana minshari ko har yanzu yana tsotsar yatsa, ku gaya wa likita, duk suna da alaƙa da yadda muƙamuƙi ke girma. Ƙungiyar likitocin gyaran haƙori ta Amurka ma cewa ta yi a fara duba yaro tun yana shekara 7.

Shi ma likitan a tausaya masa. Wuni yake a sunkuye kan bakunan mutane, ciwon wuya da baya ya yi yawa a masu wannan aiki. Ka je a kan lokaci, ka je da wankakken baki, in baka sa ƙananan robobin da ya baka na maƙalawa a jikin ƙarfen ba ka faɗi gaskiya kar ya yi ta lissafin me ya hana haƙoran motsi. Ku kuma likitoci ku gyara tsayin kujera, ku dinga miƙewa tsakanin mara lafiya da mara lafiya, ku ɗauki hutu.

Ranar da aka cire ƙarfen za'a baka ritena mai riƙe haƙoran a sabon wajensu. Ka sa ta yadda aka ce, yawanci da dare kuma na dogon lokaci, in ka ajiye ta haƙoran zasu fara komawa inda suka fito.