Darasi na 9: Jemage da Ɗansa Tilo

Jemage yana da fiffike, amma ba ya saka ƙwai. Haihuwa yake yi, ya shayar da nono kamar akuya. A duniya akwai irinsa fiye da 1,400. Mu a Kaduna iri biyu muka fi sani: manya masu cin 'ya'yan itace, waɗanda ke lilo a kan mangwaro da darbejiya, da ƙanana masu cin ƙwari, waɗanda ke ɓuya a rufin gida.

Jemage ba ya son zama shi kaɗai. Manyan nan masu ruwan kara sukan taru dubbai a bishiya, suna kuka, suna gyara gashin jiki, suna ture juna saboda wurin kwana. A dajin Kasanka na ƙasar Zambiya, miliyoyi ke haɗuwa daga Oktoba zuwa Disamba.

Manyan nan suna yin barbara tsakanin Afrilu da Yuni. Abin mamakin yana nan: cikin ba ya girma nan da nan. Yakan tsaya cak a mahaifa sai wajen Oktoba, sannan macen ta haihu a Fabrairu ko Maris, gab da damina, lokacin da abinci zai wadata. Ɗa ɗaya take haifa a shekara. Jinjirin yana maƙale a ƙirjinta da farata, bakinsa a kan nono, ta tashi da shi haka cikin dare. Idan ya yi nauyi sai ta bar shi a reshe, ta dawo ta gane nata da murya da ƙanshi a cikin ɗaruruwa.

Ɓera yana haihuwa da yawa, sau da yawa. Jemage ba haka yake ba. Shi ya sa abin yake da ciwo idan yara suka harbe uwa da danƙo a watan Maris, domin rai biyu aka kashe. Kuma mu ne da asara. Jemagu na cikin masu kai ƙurar fure tsakanin bishiyoyin ɗorawa da kuka, wato suna da hannu a daddawarmu da miyarmu.

Idan ƙananan sun dame ku a rufi, kada ku toshe ramin alhali jarirai na ciki, za su mutu su yi wari. Ku jira 'ya'yan su fara tashi. Bayan magariba, idan duk sun fita kiwo, sai ku toshe. Kada ku taɓa jemage da hannu, ko da matacce ne. Wanda jemage ya ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, saboda wasu na ɗauke da cuta irin ta haukan kare.

Aiki: Rubuta watannin da jemage ke haihuwa. Sannan ka tattauna da na kusa da kai, wace bishiya ce jemagu suka fi sauka a unguwarku?