Yadda za ka tara kayan aiki idan kundin mastarka a kan radiyo ne

Mafi yawan ɗaliban jarida da ke kawo mini kanun kundinsu a nan Yamai, abu ɗaya suke rubutowa: rawar da kafofin watsa labarai ke takawa wajen ci gaban Nijar. Ƙanena, ko ƙanwata, wannan batu ya fi ƙarfin mutum ɗaya da shekara ɗaya. Ka rage shi har ya dawo tasha ɗaya, shiri ɗaya, lokaci ɗaya, tambaya ɗaya. Misali, shirin kiran waya na dare a wata tashar Tawa cikin watanni uku na damina: su wa ke samun layi, me suke kuka a kai, kuma wa mai gabatarwa ke katsewa. Wannan kana iya gama shi, kuma idan ka gama ka san abin da ba kowa ya sani ba.

Ina tura ɗalibai wajen radiyo da gangan. Jarida ta fi sauƙin aiki, ka je ka ɗauki tsofaffin lambobin Le Sahel ko Le Républicain ka yi fotokofi, shi ya sa kowa ke rugawa can. Amma yawancin jaridunmu da Faransanci ake rubuta su, masu karanta su kuma yawanci a Yamai suke. Mutanen Buza da Keita da Illela da kunne suke samun labari, kuma abin ya daɗe. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na radiyo, waɗanda jagororinsu ke ɗaukar rakoda su shiga ƙauyuka su naɗo ra'ayin manoma a sa a Radiyo Nijar. Haske, jarida mai zaman kanta ta farko a zamanin buɗe siyasa, ta fito a 1990, taron ƙasa ya zauna a 1991, sannan tashar R&M ta buɗe ƙofar tashoshi masu zaman kansu a 1994, Anfani ta biyo baya. A 1999 aka kunna radiyon karkara na Bankilare, daga nan irinsa suka bazu. Studio Kalangou kuma tun 2016 yake shirya labarai da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Faransanci, tashoshi da dama suna sawa. Wannan tarihin ka taƙaita shi a shafi biyu ko uku, kada ya cinye maka babi guda.

Wahalar radiyo ita ce magana na fita ta wuce. Kada ka gina aikinka a kan fatan cewa tasha ta adana shirye-shiryenta. Na taɓa raka wani ɗalibi wata ƙaramar tasha neman shirin da aka yi wata biyu baya. Mai kula da na'urori ya buɗe mana kwamfutar da zuciya ɗaya, sai muka tarar da waƙoƙi da tallace-tallace da sanarwar aure, shirin kuwa an goge shi don a samu wuri. Ba mugunta ba ce, kwamfuta ɗaya ce ke ɗaukar komi. Saboda haka kai za ka naɗa da kanka, tun daga ranar da malaminka ya amince da batun.

Ba sai da kayan tsada ba. Ƙananan wayoyin nan masu radiyo da yawansu suna naɗar abin da suke kamawa, igiyar kunne ce eriyarsu. Sayi katin ajiya na musamman, ka ware waya ɗaya don wannan aiki kawai, ka cire mata layi, domin kira ɗaya na iya tsinke maka naɗi a tsakiyar muhawara. Ka tanadi batirin caji, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ke tsananta wuta tana yawan ɗaukewa. Ka fara naɗa minti biyar kafin shirin, ka bar shi minti biyar bayan ya ƙare, don a can ne ake jin wanda ya ɗauki nauyin shirin. A daren nan ka kwafe shi zuwa kwamfuta da kile, wato USB, ka sa masa suna da shekara da wata da rana da sunan tasha. Idan tashar a Tawa take kai kana Harobanda a nan Yamai, FM ɗinta ba zai iso ka ba, sai ka samu amintacce a can, ka nuna masa yadda ake yi, ka riƙa tura masa kuɗin kiredi yana aiko maka ta WhatsApp. Ka saurari naɗin farko tun a ranar don ka tabbata ba shuu kaɗai ya kama ba.

Waɗanne ranaku za ka naɗa? Wannan tambaya alƙalan sutanas, wato zaman kare kundi, ba su barinta. Idan shirin na mako-mako ne, ɗauke shi duka cikin lokacin da ka yanke. Idan na kullum ne, kamar labaran rana, kada ka ɗauki kwana bakwai a jere, don idan wani babban abu ya faru a makon zai rinjayi komi. Ɗauki Litinin ta wannan mako, Talata ta mako mai zuwa, Laraba ta na gaba, har ka haɗa mako cikakke, sannan ka sake zagayowa. Ka kuma lura da kalandarmu. Cikin azumi jadawalin tashoshi na canzawa, tafsiri na karɓe awoyi da yawa. Da damina mutane na gona da safe. Da rani kuwa samarin Adar da yawa sun tafi cin rani Abijan ko Najeriya ko Libiya, sai ka ji gaishe-gaishe sun cika da sunayen waɗanda ke nesa. Duk lokacin da ka zaɓa, rubuta dalilinka.

Yanzu ga wurin da ɗalibai ke gajiya, kuma nan ne kundi ke samun nauyinsa: mayar da sauti rubutu. Awa ɗaya ta muhawara na iya cin maka awa biyar ko shida a zaune. Don haka kafin ka ce za ka naɗa awa ɗari, yi lissafi. Awa goma sha biyar da aka rubuta da kyau sun fi tarin sautin da ba wanda ya saurara. Sa manhajar Audacity, kyauta ce, tana rage saurin magana kana kuma iya komawa baya daƙiƙa kaɗan. Ka rubuta da Hausa tukuna, yadda mutum ya faɗa, da karin harshensa na Adar in da shi ya yi magana, kada ka gyara masa ya koma Bakano. Ka sa minti a gefe. Ka nuna inda aka yi dariya, inda layi ya yanke, inda mai gabatarwa ya ɗaga kiɗa a kan muryar mai kira. Irin wannan wurin ne bincikenka yake. Wata rana muna sauraren wani naɗi da wata ɗaliba, wata mata ta kira tana maganar rijiyar garinsu da ta lalace, da ta zo kan ambaton wanda ya karɓi kuɗin gyara sai mai gabatarwa ya ce mun gode Hajiya, a gaida mutanen gida, kiɗa ya tashi. Ɗalibar ta dakatar da sautin ta koma baya, ta rubuta mintin, ta shiga neman irinsa a sauran naɗin. Da haka ta samu babinta mafi ƙarfi. Fassara zuwa Faransanci ta zo daga baya, kuma sai wuraren da za ka kawo a cikin kundin, Hausar a sama fassarar a ƙasa, don mai jin harshen ya duba da kansa.

Bayan rubutu sai ƙidaya. Buɗe Excel, kowane kira layi ɗaya: rana, namiji ko mace, garin da ya ambata, harshe, batun da ya tayar, daƙiƙa nawa aka ba shi, ya gama ko an katse shi. Rukunan batutuwa kada ka ƙago su a ɗaki, saurari shiri uku ko huɗu tukuna ka ga abin da mutane ke kawowa. Sannan ka ba wani abokin karatu kashi ɗaya cikin goma na kiran ya rarraba ba tare da ya ga naka ba. Inda kuka saɓa da yawa, ma'anar rukunin ce ba ta fita ba, sai ka gyara ta.

Sauti kaɗai ba ya gaya maka dalili. Dole ka shiga tashar. Karɓi takardar izinin bincike daga makarantarka, ko jami'ar Abdu Mumuni ce, ko makarantar jarida ta ESSCOM da muka sani da IFTIC, ko jami'ar Jibo Hamani ta Tawa. Fara da darakta, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka nemi jadawalin shirye-shirye da farashin sanarwa. Amma wanda zai fi ba ka haske sau da yawa mai kula da na'urori ne, shi ke ganin lambar da ke kira, shi ya san wadda aka ce kada a ɗauka. Zauna a ɗakin watsawa lokacin shirin idan sun yarda, ka yi shiru, ka riƙa rubutu. A ƙauye kuma ka bi ta wurin maigari kafin ka fiddo rakoda, kuma yankunan da aka sa wa dokar ta-ɓaci kamar Tiliya da Tasara kada ka nufe su sai da shawarar hukuma da malaminka.

Maganar amana ina so ka ɗauke ta da gaske. An dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, an dakatar da BBC wata uku a Disamban 2024, kuma a Yunin 2024 aka mayar da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet ta 2019. Ɗan jaridar da ya zauna ya gaya maka yadda yake tauna magana kafin ya faɗe ta, ya ba ka abin da zai iya jawo masa wahala. Tambaye shi kafin ka naɗa. Kada sunansa ya shiga kundin sai ya yarda, kuma ka tuna a ƙaramar tasha idan ka rubuta "shugaban sashen Hausa" ka riga ka faɗi sunansa. Sautin hirar ka kulle shi da lambar sirri, kada ya kwana a wayar da kake yawo da ita.

Masu saurare kuma, fada, wato majalisar da samari ke zama shan shayi, ta fi sauƙin shiga, ka sayi shayi da sukari ka zauna a saurari shirin tare. Sai dai fada ta maza ce. Mata suna saurare a cikin gida suna aiki, da yawansu kuma ba su da wayar kansu ko kiredin kira, abin da zai iya bayyana ƙarancin muryarsu a teburinka. In kai namiji ne, nemi ƴar'uwa ɗaliba ta shiga ta yi hirar. Kuma maimakon ka tambayi mutum ko yana jin radiyo, tambaye shi me ya ji jiya da dare, a wace tasha, da wa yake zaune.

Karatu yana tafiya tare da duk wannan. Ɗakunan littattafai na cibiyoyin bincike LASDEL da IRSH suna nan Yamai, kuma LASDEL ce ke gudanar da binciken Afrobarometer a Nijar, wanda ke da tambayoyi kan inda mutane ke samun labari, alƙalumansa kuma kyauta ne a intanet. Nemi aikin Marie-Soleil Frère kan jaridun Nijar da Benin na lokacin taron ƙasa. Duba kundayen waɗanda suka riga ka a makarantarku don kada ka maimaita. Duk abin da ka karanta ka shigar da shi Zotero, manhajar adana madogara, a take, da lambar shafi.

A ƙarshen kundin ka liƙa jerin naɗinka da ranakunsu, da teburin ƙidaya, da cikakken rubutun shiri ɗaya aƙalla. Ranar sutanas ka zo da kile mai ɗauke da sautin shirye-shiryen, ban da hirarrakin da ka yi alkawarin ɓoyewa, ka kuma bar kwafi ɗaya a ɗakin littattafan makarantarku.