Kurakuran da ake tafkawa wajen gyara dokar gini saboda ruwan damina a Kano

Duk lokacin da ruwa ya ci gidaje a Kano, abin da ake fara cewa shi ne a faɗaɗa kwata, a zuba mata kankare. Kuskure na farko ke nan, kuma sauran duk daga jikinsa suke fitowa. Kwatar siminti ba ta shan ruwa, tura shi gaba kawai take yi, da gudu kuwa. Unguwar da ke kan tudu ta huta, ta gangare ta kwana tana kwalfa. Ruwan cikin birni kusan duk Jakara yake nufa, to idan kowace unguwa ta sako nata a lokaci guda, wane rafi ne zai ɗauka? Gyaran shi ne doka ta wajabta wa duk mai sabon babban gini ya riƙe wani kaso na ruwan da ya sauka a filinsa, ya bar shi ya nutse ko ya sake shi a hankali.

Na biyu yana cikin gidajenmu. Mutum ya sayi fuloti, ya gine shi kaf, ɗan tsakar gidan da ya rage ya malale shi da siminti, ya huda katanga ya sako bututu bakin titi. A yi lissafi: rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa mai milimita 50, zai zubo da lita 5,000. Jarka 200 ke nan irin mai lita 25, wadda ake saye a hannun 'yan garuwa da rani. Ya kamata takardar izinin gini ta fayyace yawan filin da za a bari ƙasa tsura, ko a shimfiɗa masa tsakuwa, sannan a tanadi tanki ko ramin da ruwan indararo zai nutse a ciki. Sai dai a kula, wannan rami daban yake da na masai, kuma ba a haƙa shi a gindin gini. Inda ƙasar laka ce ba ta shan ruwa, tanki ya fi, don haka a gwada ƙasa kafin a tilasta wa kowa abu ɗaya.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne cike kududdufai. Kakanninmu sun haƙi ƙasa sun yi gidaje da ganuwa, ramukan da suka bari suka zama matattarar ruwan unguwanni. Su ne suke karɓar ruwan sama idan ya sauko da ƙarfi, su kuma ciyar da rijiyoyin da ke kewaye. Yau da yawansu an cike su da shara da ɓaraguzai, an yanka filaye, an yi shaguna. Ruwa kuwa ba ya mance hanyarsa. Inda ya saba kwana nan zai dawo, ko da an sa tayil. Masu cikewa suna da hujja, ba na musu: kududdufi yana tara sauro, yana wari, yara suna faɗawa. Amma maganin wannan shi ne a yashe shi, a hana zuba shara da ruwan masai, a kewaye shi, a dasa darbejiya da jema a bakinsa don riƙe ƙasa, a yi masa mafita inda zai zubar idan ya cika. Ya kamata sabuwar doka ta lissafa kududdufan da suka rage ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu da iyakarsu a taswira, ta haramta ba da takardar mallaka a kansu. In an tsaya ga cewa "a kare wuraren ruwa" kawai, gobe wani zai ce nasa ba ya ciki.

Akwai kuma kwafo dokar wata ƙasa. China ta fara gwajin biranen da ke tsotse ruwa a 2015, Kigali, babban birnin Ruwanda, ta farfaɗo da fadamar Nyandungu ta mayar da ita wurin shaƙatawa. Abin koyi ne, amma daminarmu 'yan watanni ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, sai dogon rani da ƙurar hunturu. Daɓe mai huda-huda da ruwa ke nutsewa ta cikinsa ƙura za ta toshe shi in ba a share shi, ciyawar da ke son ban ruwa kullum kuma ba za ta kai Maris ba.

Wani gibin shi ne doka ta tsaya a kan wanda ya kai zane ofishin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano. Unguwanni masu yawa a bayan gari awon igiya ne, an yanka ba tare da barin hanyar ruwa ba. Idan aka jira sai an gama gini, rusau ne kawai ya rage, talaka kuma shi ke kwana a ciki. A shiga tun ranar awo: dillali da mai gona da mai unguwa su san cewa ba a sayar da fili sai an fitar da hanyar ruwa, kuma jami'i ya koma ya duba bayan an gama gini, domin abin da ke kan takarda sau da yawa ba shi ne a ƙasa ba.

Sai batun kula. Ana rubuta yadda za a gina, a manta da wanda zai yashe. Leda da yashi suna iya kashe magudana a damina ɗaya, shi ya sa ya kamata dokar ta faɗi ƙarara: manyan magudanai na gwamnati ne, na ƙofar gida na mai gida, na kasuwa na ƙungiyar 'yan kasuwa. A sa lokacin yasa a watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwan farko. Abin da aka tono kuma mota ta kwashe shi a ranar, don idan aka jibge shi a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito.