Yadda Ake Ajiye Ƙaramar Tirela a Hunturu Ba Tare da Tayoyinta Sun Taɓa Ƙasa Ba

A garuruwa irin su Winnipeg ta Kanada ko Minneapolis ta Amurka, ƙaramar tirelar da ake jonawa a bayan mota takan yi zaman kashe wando daga Nuwamba har Afrilu. Wata biyar nauyi na danne gefe ɗaya na taya, ga kuma sanyi na tsotse mata iska: duk saukar digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin Selsiyus takan rage kusan psi 1, wato ma'aunin ƙarfin iskar taya. Taya ta yi laushi, wurin da ya taɓa ƙasa ya baje, ranar da ka fito da ita ka ji tana bubbuga titi. Maganin shi ne a ɗaga tirelar, amma ɗagawar ganganci ta fi barin ta a ƙasa ɓarna.

Fara da wanki, musamman ta ƙarƙashi, domin gishirin da ake watsawa a tituna don narkar da ƙanƙara shi ke kawo tsatsa. Sauke duk kayan da ke ciki. Idan tana da batir, cire shi ka kai cikin gida ka riƙa yi masa caji, don batirin da ya mutu daskarewa yake yi har ya fashe.

Sai ka nemi wuri mai daidaito, daɓen siminti ya fi. In a kan ƙasa ne ko tsakuwa, shimfiɗa katako mai kauri da faɗi a inda kowane matokari, wato ƙarfen da za a ɗora tirelar a kai, zai tsaya. Ƙasar da ta yi tauri kamar dutse a Janairu taɓo take zama idan ƙanƙara ta narke, matokari ya nutse, tirela ta karkace.

Sa weji gaba da bayan tayar ɗaya gefen kafin ka taɓa jak. Ɗaga gefe ɗaya, tura matokarin ƙarfe, sauke nauyin a kansa a hankali, sannan ka koma ɗaya gefen.

A nan ne aka fi tafka kuskure. Jak da matokari duk a ƙarƙashin shasi ake sa su, kusa da inda sifirin ya kama, ba a jikin aksul ba. Aksul ɗin yawancin ƙananan tireloli bututu ne mai rami a ciki. Ka ɗora masa nauyi a tsakiya ya ɗan lanƙwashe, ido ba zai gani ba, sai bayan watanni ka tarar taya na cinyewa ta gefe guda. Waɗannan siraran ƙafafun da ake murɗowa a kusurwoyin tirelar kwana kuwa, don hana girgiza aka yi su, ba don ɗaukar nauyi ba. Bulon siminti ma ka rabu da shi, yana tsagewa ba sallama. Duba nauyin da aka rubuta a jikin matokaran, ya zama sun fi ƙarfin tirelar da rata mai kyau. Kuma kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashi alhali jak kaɗai ke riƙe da ita.

Ba sai ta yi sama sosai ba. Taya ta rabu da ƙasa da kamar yatsa biyu, ta juya da hannu, ya isa. Ɗan ɗaga gaban ya fi baya tsayi don ruwa ya gangare, sannan ka girgiza ta da ƙarfi. In ta yi motsi, gyara zaman matokaran.

Tunda tayoyin na lilo, juya kowacce ka saurara. Ƙara ko gurnani alama ce boris na neman giris. Duba lambar da ta fara da haruffan DOT a gefen taya: lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar ƙira, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun zanenta bai goge ba, don haka wadda ta haura shekara shida, ko ta fara tsattsagewa, ni dai ba zan yarda da ita ba. Cika iska yadda aka rubuta, ka rufe su daga rana.

Ka riƙa leƙa tirelar lokaci-lokaci, ka share dusar ƙanƙarar da ta taru a kanta, ka duba ko ɓeraye sun fara cin wayoyi. Ranar saukewa, auna iska, gwada fitilu da birki, ka ɗaure notocin taya, sannan ka sake duba su bayan kilomita 80 na farko.