Shiga jirgin ruwa daga Luksor zuwa Aswan

Idan za ka bi Kogin Nilu daga Luksor zuwa Aswan, a ƙasar Masar, a jirgin yawon buɗe ido, ka sa tafiyar tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Zafin Aswan da bazara, ko ɗan Sakkwato sai ya nemi inuwa.

Wajen kama ɗaki, ni kam ba na yarda da na ƙasa ta baya, kusa da inji, don ƙararsa ba ta barin mutum ya runtsa. Ka kuma riƙe sunan jirginka da kyau. Jiragen a jere suke tsayawa, wannan manne da wancan, wani lokaci sai ka ratsa ta cikin uku kafin ka kai naka.

A Kwarin Sarakuna, maƙabartar fir'aunoni da ke kusa da Luksor, tikiti ɗaya kaburbura uku yake ba ka damar shiga, na Fir'auna Tutankhamun kuwa kuɗinsa daban. A garin Edfu, inda jirgi ke tsayawa a hanya, da keken doki ake zuwa tsohon haikalin garin. Ku gama ciniki da mai keken kafin ka hau, kuɗin zuwa da na dawowa duka. Abu Simbel, inda wasu tsofaffin haikalai suke, kusan kilomita 280 ne daga Aswan, motoci kuma tun kafin asuba suke tashi, sai ka kwanta da wuri. Ka tanadi canjin fam, kuɗin Masar, na bakshish, wato tukuici, ruwa kuwa na gora kaɗai za ka sha.